Gyaɗar da Aka Hana Daudu

Yara, ku ajiye wasan nan ku matso kusa. Labarin yau ba na dariya ba ne. Amma ku daure ku ji shi har ƙarshe.

An yi wata yarinya a Kazaure, a wata unguwa da ke gindin dutse. Ba zan faɗi sunanta ba. Ta girma, yanzu ita ma tana da jikoki. A lokacin tana aji uku a firamare.

Abin ya daɗe. Kazaure tana cikin Jihar Kano tukuna. Naira ba ta jima da fitowa ba. Kuɗin man fetur sun fara shigowa, ana shimfiɗa kwalta, samari suna sayen babur da rediyo. Kullum sai an ga sabon abu a gari.

Yarinyar tana zaune da Babanta, Malam Madu, da Innarta, da kakarta Hajja Kaka. Tana da ƙane ɗaya, sunansa Daudu. Ba a daɗe da yaye shi ba. Duk inda ta sa ƙafa, nan yake sa tasa.

A ajinsu akwai wata Veronica. Mahaifiyarta, Mama Monica, ma'aikaciyar jinya ce a asibiti. Daga kudu aiki ya kawo su. Wata rana Veronica ta gayyaci yarinyar zuwa gidansu. Bikin zagayowar ranar haihuwarta ake yi.

Yarinyar ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ga kek an kafa masa kyandir. Ga lemon kwalba. Aka yi waƙa, aka tafa, Veronica ta hure wuta. Kowa yana kallonta kamar amarya.

Tun a hanyar gida abin ya tsaya mata a rai.

"Inna, yaushe aka haife ni?"

"Ranar Alhamis," in ji Inna, tana tankaɗe. "Da bazara. Hadari ya fara haɗuwa, ana sharar gona."

"To ai yanzu ke nan! Inna, a yi mini bikin ranar haihuwa."

Hajja Kaka tana bakin ƙofarta tana kaɗi. Ta ɗago kai.

"Bikin me?"

"Na ranar da aka haife ni, Hajja Kaka."

"Ikon Allah! Ke wace wahala kika sha a ranar? Uwarki ce ta sha. In shinkafa za a dafa, ita za a dafa wa."

Yarinyar ba ta haƙura ba. Da safe roƙo, da yamma roƙo. Har Baba ya gaji ya yi dariya.

"A yi mata," in ji shi. "Zamani ne."

Inna ta ce, "Na yarda. Amma ƙawayenki na kusa kawai. Waɗanda tabarma ɗaya za ta ɗauka. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

A cikin makon nan ne Baba ya shigo da rabin buhu a bayan keke. Daminar da ta wuce ciwo ya kama gyaɗa a gonaki. Ganye ya murƙushe, ba a sami komai ba. Ko iri babu a gidajen mutane. Shi ne malamin gona ya raba sabon iri.

Baba ya kira kowa. Ya kwance bakin buhun. Gyaɗa ce ɓararriya, manya-manya. Amma an shafe ta da wani jan gari.

"Ku duba da kyau," in ji Baba. "Wannan ba ta ci ba ce. Iri ne na shuka. Jan garin nan guba ne, don kada ƙwari da ɓeraye su cinye shi a ƙasa. Ko taɓawa mutum ya yi, sai ya wanke hannu da sabulu."

Ya dubi yarinyar.

"Ke ce babba. Kada ki bar Daudu ya zo ko kusa."

"To, Baba."

Ya ɗaure buhun, ya kai ɗakinsa, ya ɗora a kan akwati.

Inna ta sayo alewa ƙunshi guda, ta baƙi. Ta ajiye a cikin kwano. Da safiyar Laraba yarinyar ta ɗauke ta, ta sa a jaka. Wai za ta nuna wa ƙawayenta ne kawai.

A ajin akwai wani yaro, Mamuda. Bakinsa kamar reza. Da aka fita tara ya ji labari.

"Ku ɗin?" in ji shi. "Bikin 'yan boko? Ko kujera babu a gidanku!"

Yara suka kwashe da dariya. Kunya ta kama yarinyar.

"Namu zai fi na kowa," in ji ta. "Kaji za a yanka. Kowa sai ya ci ya bari."

"Ƙarya!"

"Ungo, in ƙarya ce."

Ta miƙa masa alewa. Ta miƙa wa na kusa da shi. Hannaye suka yi ta miƙowa, ita kuma tana ta bayarwa. Har 'yan wani aji suka samu.

Kun san al'adarmu. Wanda aka ba alewar biki, an gayyace shi ke nan. Kuma yaro ba ya zuwa biki shi kaɗai. Sai ya jawo ƙanensa. Ƙanen ya jawo abokinsa. Ga shi ranar Alhamis babu makarantar allo. Duk yaran gari suna sake.

Ba ta gaya wa Inna ba.

Ranar Alhamis da sassafe Baba ya hau keke ya tafi Roni. Zai nemi mai shanun noma. Inna ta yanka kaza ɗaya. Ta dafa shinkafa da wake tukunya guda. Ta jiƙa zoɓo. Ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma.

Bayan azahar Veronica ta zo da ƙawaye biyu. Suka gaida Inna, suka zauna. Yarinyar ta sa sabuwar atamfarta, tana ta murmushi.

Sai aka ji hayaniya a zaure.

Yara suka fara shigowa. Wasu da goyo. Wasu suna jan ƙanne. Tabarma ta cika. Tsakar gida ta cika. Har a kan turmi akwai mai zama.

Inna ta fito daga madafi da ludayi a hannu. Ta tsaya.

"Waɗannan fa? Wa ya kira su?"

"An ba mu alewa!" in ji Mamuda.

Inna ta dubi yarinyar. Yarinyar ta dubi ƙasa.

"Za mu yi magana," in ji Inna a hankali. "Baƙo dai ba a korar sa."

Ta zuba abincin a manyan kwanoni. Kafin ta juya, an suɗe. Wasu ko loma ɗaya ba su samu ba. Aka yi wawason zoɓo, rabi ya zube a ƙasa. Wani ya ture randa, ta fashe. Ruwa ya malale, tsakar gida ta zama taɓo. Wani ya kwance akuya. Akuyar ta shiga cikin yara, ƙanana suka fashe da kuka. Kaji suna ta tashi sama.

Hajja Kaka ta tsaya a ƙofarta da sanda.

"Wanda ya shigo mini ɗaki, sai na karya shi! Wannan biki ne ko yaƙi?"

Inna ta yafa mayafi.

"Bari in shiga maƙwabta in aro garin rogo," in ji ta. "Ki riƙe Daudu. Kada ki sake shi."

Tana fita, Mamuda ya ɗauki kwano yana kaɗawa. Ya tsiri waƙa.

"Mun zo biki, mun sha iska! Mun zo biki, mun lashi kwano!"

Yara suka ɗauka. Suna tafi, suna nuna ta. Veronica ta ce su bari, ba wanda ya ji ta.

"Ina kajin?" in ji Mamuda. "Gobe sai duk makaranta ta ji!"

Hawaye ya cika idon yarinyar. Ta waiga nan, ta waiga can. Hajja Kaka ta shiga sallar la'asar. Sai idonta ya faɗa kan ƙofar ɗakin Baba.

Yara, a nan ne ta yi wautar.

Ta saki hannun Daudu. Ta shiga ɗakin. Ta kwance buhun. Wani wari ya bugi hancinta. Ta tuna maganar Baba sarai. Ba mantawa ta yi ba.

Amma ta ce a ranta, "Ai garin a waje yake. In na wanke, zai fita."

Ta cika babbar ƙwarya. Ta zagaya bayan rumbu da buta. Ta wanke, ruwan ya yi ja wur. Ta zubar a ƙasa. Ta sake wankewa, ta sake zubarwa. Gyaɗar ta yi kama da ta kullum. Sai ɗan ja kaɗan a gefe-gefe.

Ta fito da ita.

"Ga gyaɗa!"

Waƙa ta tsaya. Yara suka yi kanta. Tana dumbuza, tana zuba musu a hannu. Wasu suka hau ci. Wasu suka cika aljihu. Wajen turereniya da yawa ta zube a ƙasa.

Daudu ya riƙe zanenta.

"Yaya, ba ni."

"A'a."

"Ba ni mana!"

"Na ce a'a! Ba taka ba ce."

Ta buge masa hannu. Ya yi kuka, ta ture shi gefe.

Ita ma ko ƙwaya ɗaya ba ta kai baki ba. Kun gani? Ashe zuciyarta ta sani.

Da gyaɗa ta ƙare, yara suka fara watsewa. Kafin Inna ta dawo da garin rogo, gidan ya kusa zama wayam. Veronica ce kaɗai ta tsaya taya su shara. Ita ba ta ci ba, don ba ta iya turereniya ba.

Inna ta dubi fasasshiyar randa. Ta dubi taɓon. Ta ɗauki tsintsiya.

Sai Hajja Kaka ta ce, "Kai! Me ya sami kazar nan?"

Babbar kazar Inna ce, mai 'yan tsaki. Ta fito daga bayan rumbu tana layi. Ta faɗi. Ta tashi. Ta sake faɗuwa, tana shure-shure. Can ta yi shiru. 'Yan tsakin suna ta zagaya ta.

Yarinyar ta tuna jan ruwan da ta zubar a bayan rumbu. Ta san abin da kazar ta sha.

"Ina Daudu?" in ji Inna.

Suka same shi a gindin turmi. Yana zaune cikin taɓo. Hannunsa a dunƙule. Tun ɗazu yana tsintar wadda ta zube, yana ci. Ba wanda ya lura.

"Cikina," in ji shi. "Inna, cikina."

Sai amai. Sai jikinsa ya hau karkarwa. Kumfa ta fito a gefen bakinsa. Idonsa ya juye.

"Innalillahi!" Inna ta sure shi. "Daudu! Daudu! Me ka ci?"

Hajja Kaka ta yar da sanda. Kullum cikin wasa maigidana take ce masa. Yau muryarta rawa take yi.

"Maigidana, buɗe ido. Dube ni. Veronica, ruga ki kira uwarki!"

Veronica ta fita da gudu.

Yarinyar tana tsaye kamar an dasa ta. Wata zuciyar ta ce mata, "Yi shiru. Ba wanda ya gan ki." Ta tuna Baba. Ta tuna bulala. Ta tuna abin da za a ce a gari.

Mama Monica ta shigo da sauri, ko ɗankwali babu. Ta karɓi Daudu. Ta duba idonsa, ta shinshina bakinsa.

"Yaron nan ya ci wani abu," in ji ta. "Mene ne? Ku faɗa mini yanzu."

"Shinkafa ce kawai," in ji Inna tana kuka. "Da zoɓo."

"Ba shinkafa ba ce. In ba mu san abin ba, ba mu san maganin da za a ba shi ba."

Hajja Kaka ta ce, "A ɗura masa manja."

"A'a, Hajja. Kada a ba shi komai."

Mama Monica ta buɗe hannun Daudu a hankali. Gyaɗa ce a ciki.

Yarinyar ta dubi ɗan hannun nan. Shi ne ta buge ɗazu. Sai ta tuna sauran yaran. Sun tafi gida. Aljihunsu cike.

"Ni ce!" Ta fashe da kuka. "Irin Baba ne! Na ɗebo, na wanke, na raba wa kowa!"

Mama Monica ta ɗago kai.

"Kowa?" in ji Mama Monica.

"Kowa. Wasu sun tafi da ita a aljihu."

Inna ta ɗora hannu a kai. Mama Monica ba ta tsaya faɗa ba.

"Kawo buhun. Likita zai so ya gani. Veronica, kira Malam Haladu, ya fito da babur."

Malam Haladu malamin ajinsu ne. Gidansa yana kusa. Nan da nan ya iso. Mama Monica ta hau baya, ta rungume Daudu. Aka ɗaure buhun a gaba. Suka tafi. Inna ta bi su da ƙafa, tana gudu.

Hajja Kaka ta kama kafaɗar yarinyar.

"Share hawayen nan. Kuka ba ya tsayar da guba. Mu je wurin mai unguwa."

Mai unguwa ya ji, ya miƙe tsaye. Ya tura mai shela. Ba a jima ba aka ji murya tana ratsa lunguna.

"Jama'a, a saurara! Duk yaron da ya ci gyaɗa a gidan Malam Madu, a kai shi asibiti yanzu! A duba aljihun yara! Gyaɗar mai guba ce!"

Yarinyar ta ji sunan Babanta a bakin mai shela. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Malam Haladu ya dawo. Ya tsaya a gabanta.

"Ba kowa zai ji shela ba," in ji shi. "Ke kika san waɗanda kika ba. Hau mu tafi."

Suka bi gida-gida. A wani gidan yaro yana amai. A wani gidan ana zazzage aljihu. Duk inda ta shiga, sai ta faɗi abin da ta yi da bakinta. Wasu suka zage ta. Wasu ko kallonta ba su yi ba, sai ɗaukar yara.

Gidan su Mamuda yana can ƙarshen unguwa. Shela ba ta kai ba. Suka tarar da shi a zaure, ya riƙe ciki. Ƙanwarsa tana rarrafe a gabansa. Ya zube mata gyaɗa a kan tabarma. Ta miƙa hannu ke nan.

Yarinyar ta yi tsalle ta share gyaɗar da ƙafa.

"Kada ta ci!"

Jaririyar ta tsala ihu. Uwar Mamuda, Tasalla, ta fito. Malam Haladu ya yi mata bayani a gurguje. Tasalla ta goya jaririyar, ta kama hannun Mamuda. Sai ta tsaya ta dubi yarinyar.

"Ba ki san da gubar ba?"

"Na sani. Na zaci wanki zai fitar."

"Kin ci?"

"A'a."

"Ƙanenki fa? Kin ba shi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Na hana shi. A ƙasa ya tsinta."

"Kin hana naki," in ji Tasalla. "Kika ba nawa."

Ta wuce. Da ta mare ta, da ya fi sauƙi.

Kafin magariba asibiti ya cika da iyaye. Yara a kan gado, yara a kan tabarma. Baba ya dawo daga Roni, ya ji labari tun a bakin gari. Ya yar da keke a ƙofar asibiti. Ya ga yarinyar a rakuɓe jikin bango. Ya dube ta. Ya shige ciki.

Manyan yara suka fara samun sauƙi. Aka riƙa sallamar su ɗaya bayan ɗaya. Mamuda ma ya tashi zaune. Amma Daudu ƙarami ne, kuma ya ci da yawa. An sa masa ƙarin ruwa. Ba ya motsi.

Hajja Kaka ta mayar da yarinyar gida. Ranar ba a hura wuta ba. Ba wanda ya nemi abinci.

Da gari ya waye suka koma. A bakin ƙofa suka haɗu da Mama Monica. Idonta ya yi ja don gajiya.

"Mama," in ji yarinyar. Ta kasa ƙarasawa.

"Zo ki gani."

Inna tana zaune a gefen gado. Baba yana tsaye. Daudu yana kwance, ya rame kamar ba shi ba. Amma idonsa a buɗe yake.

"Yaya," in ji shi can ƙasa-ƙasa. "Kunu."

Hajja Kaka ta zauna daɓas a ƙasa.

"Alhamdulillahi! Ji mini maigidan nan. Ya tsorata mu, kuma kunu yake nema!"

Inna tana dariya, tana hawaye. Yarinyar ta kama ɗan hannunsa. Ta kasa saki.

Mama Monica ta dafa kanta.

"Wanki ba ya fitar da wannan gubar," in ji ta. "Tana shiga jikin gyaɗar. Kin yi babban kuskure. Amma kin yi magana da wuri. Da kin yi shiru, da yau ana makoki a gidaje da yawa."

Da aka sallami Daudu, Baba ya kira yarinyar zaure. Ta durƙusa. Tana jiran bulala.

"Na gaya miki guba ce?"

"Ka gaya mini, Baba."

"Innarki ta ce tabarma ɗaya?"

"Ta ce."

"To me ya kai ki?"

"Kunya na ji. Suna yi mini waƙa."

Baba ya girgiza kai.

"Waƙar yara kwana nawa take yi? Da kin daure, da yanzu an manta. Kika guje wa ƙaramar kunya, kika faɗa babba. Ni ma da nawa laifin. Ya kamata in kulle ɗakin. Tashi ki sa mayafi."

Bai dake ta ba. Ya sa ta a gaba, suka bi gidajen nan duka. A kowane gida ta durƙusa ta ba da haƙuri. Gidan Tasalla ne na ƙarshe. Yarinyar ta daɗe a durƙushe.

"Na yafe," in ji Tasalla. "Da ba ki shigo ba, da jaririyata ta ci. Wannan ma ban manta ba." Ta juya ta ja kunnen Mamuda. "Kai kuma, mai bakin tsiya. An ciyar da kai, ka saka da waƙa. Ba ta haƙuri!"

"Yi haƙuri," in ji Mamuda, yana murza kunne.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Irin bai ishi gonar ba. Wani gefe ya zauna fili, sai wake aka zuba. Duk ranar da yarinyar ta kai abinci gona, sai ta ga gefen nan. Ba wanda ya tuna mata. Gonar ce take tuna mata.

Allah ya ba da damina mai kyau. Da kaka aka cire gyaɗa, ta yi 'ya'ya sosai. Wata ranar Alhamis Inna ta soya sabuwa a kasko. Ƙamshi ya cika gida.

"Bikin nan naki bai ƙare da daɗi ba," in ji Inna. "Je ki kira ƙawayenki."

"Inna, da gaske?"

"Tabarma ɗaya."

"Tabarma ɗaya," in ji yarinyar.

Veronica ta zo da ƙawaye biyu. Mamuda ma ya leƙo, yana soshe-soshen ƙeya. Hajja Kaka ta nuna masa sanda.

"Shigo. Amma in na ji waƙa, tare da akuya za ka ci."

Kowa ya yi dariya. Tabarmar ta ɗauke su duka, har da sauran wuri.

Yarinyar ta ɗauko ƙwaryar gyaɗa. Ta fara ɗiba ta ci. Ta zuba wa Daudu a hannu. Sannan ta miƙa wa baƙi.

To, yara, kun ji. Kada ku yi alkawarin abin da gidanku ba shi da shi. In manya sun ce guba ce, to guba ce, wayonku ba ya wanke ta. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, ko da za a yi muku faɗa. Babba kuma shi ne wannan: abin da ba za ka ci ba, abin da ba za ka ba ƙanenka ba, kada ka ba ɗan wani.

Ku tashi ku wanke hannu. Tuwo ya sauka.